Ranar da Na Gyara wa Surukina Madubin Bindiga

Shekarata ta uku ina malamin daji a Birnin Gwari aka yi ɓaunar Kakangi. Zamanin Turawa ne, ba a daɗe da dawowar sojojinmu daga Bama ba. Kaka ta yi, dawa ta sunkuya, amma babu mai iya zuwa ya yanke ta a gonakin bakin kurmi. Wani ne ya ɗirka wa ɓaunar bindigar adaka, bai kashe ta ba, ya bar mata ƙarfe a cinya, ya koma gida ya ja bakinsa ya yi shiru. Ita kuwa ta ware daga garke ta zo ta tare a duhuwar da ke gefen rafi. Ta fara da wani magidanci da ya je kewaya gona da hantsi. Da ransa aka kawo shi gida, amma bai kai la'asar ba. Bayan kwana huɗu ta kori mata masu ɗiban ruwa, ɗaya ta faɗi ta karye a hannu. Daga nan dagaci ya aiko gari.

Kar wani ya ɗauka aikina na jarumta ne. Takardar izinin sare itace nake rubutawa, ina auna kututture, ina bin Baturen daji da jaka. Wandon kaki gare ni da hula, mutanen ƙauye suna ce mini Malam, ni kuma ina jin daɗin hakan fiye da kima. Mai tarar ɓauna a ƙasarmu mutum ɗaya ne, sarkin baka, shugaban maharba, kuma shi ne surukina. 'Yarsa ta fari nake aure.

Yaran yanzu da ke zama kan kujera ɗaya da surukansu suna shan shayi ba za su gane nauyin wannan magana ba. Shekara shida ina auren 'yarsa, ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. In na ji ana cewa ga shi nan tafe, sai in ratse, in cire takalmi, in durƙusa har ya wuce. Ko gyaɗa ban taɓa ci a gabansa ba. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, balle sunan matata, tunda 'yar fari ce. "Mutanen gidanka" yake cewa. Maganarmu gaisuwa ce, in abu ya wuce gaisuwa sai a nemi wanda zai kai saƙo. Ba tsoro ba ne, ba kuma ƙiyayya ba. Ina son tsohon nan ƙwarai, kuma da wannan nisan nake nuna masa.

Baturen ya so ya je da kansa, sai zazzaɓi ya kayar da shi a bariki. Ya aika aka kira sarkin baka. Kowa ya san in da adaka tsohon zai je, sai ya matsa kamar taku ashirin kafin ya harba, kuma harbi ɗaya gare shi, ɓauna mai miki kuwa ba ta ba mutum lokacin ɗura wani. Saboda haka Baturen ya ce zai ara masa tasa bindigar, mai madubi a samanta, wadda ake harbi da ita daga nesa. Doka ba ta yarda baƙar fata ya riƙe irinta ba, sai da ya rubuta takarda ya sa hannu.

Da na ga surukina ya shigo filin bariki, sai na sulale na koma bayan bargar doki, gindin wata ɗorawa. Daga can nake leƙensu, ba nisa tsakaninmu. Baturen yana kan kujera a baranda, ƙudundune cikin bargo. Tsohon ya ɗaga bindiga yana auna sararin sama, inda ba tsuntsu ba komai. Baturen ya miƙa hannu ya murɗa wani abu a ƙarshen madubin, ya yi tambaya. Tsohon ya sauke, ya lumshe ido, ya sake ɗagawa. Suka yi ta yin haka har na gaji da tsayuwa. A raina ina dariya, wai yau ana koya wa sarkin baka harbin gajimare. Daga baya aka kafa gwangwani a kan wani suri can nesa, ya harba sau uku, sau ukun ina jin ƙarar gwangwanin.

Sai da tsohon ya tafi na fito. Baturen ya harare ni.

"Malam, ina ka shiga? Na neme ka."

"Ranka ya daɗe, doki nake dubawa."

"Kai za ka tafi da shi. Ka ɗauki bindiga, ka ɗauki wannan," ya miƙo mini madubinsa na hangen nesa, mai ido biyu, wanda bai taɓa bari na taɓa ba. "Ka dawo mini da kayana, ka kawo wutsiya."

"Ranka ya daɗe, surukina ne."

"To, madalla! Sai ku yi hira a hanya."

Mutumin da ke taƙamar ya ci jarrabawar Hausa ke nan, ya shekara goma sha a ƙasar nan. Na haɗiye takaici na ɗauki kaya.

Akwai wani abu game da ni da ko ni kaina ban sani ba a lokacin. Ba na gani daga nesa. Tun ina ƙarami da tafiya nake gane mutum, ko da launin rigarsa, sai ya zo kusa fuskarsa take fitowa. Itace in ya yi nisa dunƙulen kore ne kawai a wurina. Na ɗauka haka Allah ya yi duniya, haka kowa yake ganinta. Rubutu kuwa, ko ya kai ƙanƙantar ƙwayar gero, ina karanta shi, shi ya sa malamanmu suke yabon idona.

Washegari muka kama hanyar Kakangi, shi a gaba, ni a baya da tazarar taku talatin, bindiga cikin jakarta ta fata tana dukan bayana. Mun isa bayan azahar. Aka sauke shi gidan dagaci, ni na roƙa aka kai ni wani gida dabam. Da na yi sallar la'asar sai na ce bari in yi wa tsohon hidima, in goge masa bindiga, tunda ita ce irin hidimar da zan iya yi masa ba sai mun haɗa ido ba. Na zauna a bayan gida inda ake hango gonaki, na goge ƙarfen, na cire murfin fata da ke kan madubin, na kara idona.

Ban ga komai ba sai hazo. Akwai zare biyu a ciki da suka gitta juna, inda suka haɗu nan ake ɗorawa a kan abin da za a harba, amma ko su sun yi kauri sun narke. Na ce shi ke nan, jijjigar hanya ta lalata madubin, kuma a bayana ya lalace. Gobe tsohon zai tunkari ɓauna da wannan. Na yi tunanin in aika a gaya masa. In aiki wa? In ce me, na ɓata kayan Bature kafin a fara aiki? Ina cikin juya bindigar sai na tuna wurin da na ga hannun Baturen yana taɓawa. Wani zobe ne a bakin madubin, ta wajen ido, da wani siriri a gabansa da ke ɗaure shi. Na sassauta siririn, na fara murɗa babban.

Na murɗa, na murɗa, hazon yana janyewa. Sai kawai duniya ta buɗe. Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Akwai wata kuka can ƙarshen gonaki, na ga 'ya'yanta suna reto ɗaya bayan ɗaya. Na ga wata mata tana sussuka, har tsakiyar da ke wuyanta na gani. Zaren nan biyu suka tsaya baƙi wuluk, sirara kamar gashin wutsiyar doki. Ban taɓa ganin abu garau haka ba a rayuwata. Na ce ai ba gyara shi kawai na yi ba, na fi Baturen iya saita shi. Na mayar da siririn zoben na ɗaure shi tam, har sai da na sa bakin rigata na ƙara matsewa, don kada hanya ta sake kwance shi. Na ɗauko madubin hangen nesa shi ma na murɗa ɗan gargarensa na tsakiya har ya yi mini daidai. Na kwana ina jin na yi abin kirki a ɓoye.

Abin da na yi shi ne na kwance aikin da suka ɓata rabin yini suna yi. Madubi ba shi da gyara guda na kowa da kowa, da idon mai shi ake saita shi. Auna sama da na ga suna yi, wuri suke nema fari fat, don tsohon ya duba zaren kaɗai, a murɗa har ya fito masa sosai. Idonsa kuwa kishiyar nawa ne. Yana iya gaya maka shaho ne ko shirwa tun tana ɗigo a sama, amma ƙaya in ta soke shi a tafin hannu sai an cire masa. Hazon da na gani shi ne ganinsa garau, garau ɗina kuma hazonsa.

Da gari ya waye muka fita mu uku, da wani Bafulatani magidanci da shanunsa ke kiwo a wajen, wanda ya san inda ɓaunar ke kwana. Da tsohon ya leƙa madubin tun a gida, da an huta. Amma yana da al'ada irin ta maharba: ranar farauta ba ya ɗaga makami ya auna komai sai abin da ya fito nema. Ga shi kuma Baturen ya gargaɗe shi kada a cire murfin cikin raɓa. Saboda haka bindiga ta ci gaba da zama a bayana, a rufe.

Ciyawar gamba ta fi tsayinmu. Kafin mu yi nisa mun jiƙe sharkaf, ƙudan tsando yana cizonmu a wuya, ba damar marinsa saboda ƙara. Tsohon yana gaba da rigarsa ta layu, ba takalmi. Yakan tsaya ya girgiza wata 'yar jakar toka, ya ga inda iska ta kai ƙurar, sannan ya canza hanya. A wani wuri mai laka ya nuna ƙasa da yatsa ba tare da ya waiwayo ba. Sawu ne, faɗinsa ya kai kwanon sha, ƙafar baya ɗaya tana ja. Can gaba muka tarar da kashi, da ɗuminsa. Sai kuma wari ya fara zuwa, warin miki da ya ruɓe. Na so in yi fitsari, amma ina zan yi, surukina yana nan.

Muka hau wani falalen dutse muka kwanta rub da ciki. Daga nan ƙasa ta gangara, ciyawa ta ragu, sai wani babban suri a tsakiya, bayansa kuma duhuwar kurmi. Bafulatanin ya nuna da leɓe, ya yi raɗa.

"Ga carki can. Ɓaunar tana nan ƙarƙashi."

Carki tsuntsun nan ne mai bin shanu da ɓauna yana cire musu kaska. Ni ban ga tsuntsu ba, ban ga komai ba, amma na gyaɗa kai. Tsohon ya miƙo hannu ta baya. Na zare bindigar daga jaka, na sunkuyar da kai, na ɗora masa da hannu biyu. Ya yi magana yana kallon gaba.

"Ku tsaya nan. Kar wanda ya yi ko tari."

Ya sauka da jan ciki, ya nufi surin. Daga can zai harba.

Na ɗaga madubin hangen nesa. Na ɗan nema, sai ga ta. Tana tsaye cikin inuwa, rabin jikinta a ɓoye, ƙahonta ya rufe goshi, kunnenta ɗaya a yage yana korar ƙuda. Carki biyu a bayanta. Kanta yana fuskantar wajenmu, tana ɗaga hanci. Na ji Bafulatanin yana zungura ta, yana so ya gani. Na miƙa masa. Ya kara, ya juya kai, ya sauke.

"Malam, hayaƙi ne a ciki."

Haushi ya kama ni. Na ce a raina baƙauye dai baƙauye ne, an ba shi kayan Turawa bai san riƙo ba. Na gyara masa hannu. Ya sake girgiza kai. Sai ya sa yatsa a kan gargaren, yadda ya ga na taɓa, ya murɗa a hankali. Fuskarsa ta washe.

"Yawwa. Ga ta nan, har hawayenta."

Ya dawo mini da shi. Na kara, sai hazo. Hazon jiya sak, irin wanda na gani a madubin bindiga. Na murɗa ya dawo garau, na sake tura masa. Ya duba, ya yi ɗan murmushi, ya matso bakinsa kusa da kunnena.

"Ka ɓata kuma. Idonka daban, nawa daban, Malam."

A nan na gane. Na tuna baranda, da bakin bindiga yana kallon sama, da Baturen yana tambaya yana sake tambaya. Na ji kamar an zuba mini ruwan randa a ƙeya.

Tsohon ya ci rabin hanya. Ta madubin hangen nesa ina ganin tafin ƙafarsa yana motsi cikin ciyawa. In na yi ihu, ɓaunar za ta fito, ta same shi kwance a fili. Wannan gaskiya ne, kuma da shi na yi ta kare kaina shekaru da yawa. Amma tunda rubutawa nake, bari in faɗi abin da ya faru a zuciyata. Ba ɓauna ce ta fara riƙe ni ba. Kunya ce. Na kwanta a kan dutsen nan ina tunanin yadda zan je in taɓa ƙafar surukina, in kai bakina kunnensa, in ce masa na taɓa kayansa. Ina neman kalmar da ta dace, jama'a, kalma! Numfashi nawa na ɓata a haka ban sani ba, goma ko ashirin. Da na sauka nan take, da na cim masa kafin ya kai surin.

Da na zabura na fara gangarawa, Bafulatanin ya cafke idon sawuna. Na shure shi. Na bi sawun tsohon da jan ciki, ni da ban iya ba, ciyawa tana ƙara a ƙarƙashina, madubin Bature yana bugun duwatsu. Ina ɗaga kai ina gani. Ya kai surin. Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya. Ya cire murfin fata ya ajiye a ƙasa a natse. Ya ɗaga bindiga.

Ya daɗe a haka, bai harba ba. Ya sauke, ya murza idonsa da bayan hannu, ya sake ɗagawa. Ya sake saukewa. Yanzu na matso, saura kamar taku goma sha biyar, ina ganinsa sosai. Na ga hannunsa ya tafi kan zoben. Ya murɗa, ya ƙi. Ya sake gwadawa da ƙarfi har kafaɗarsa ta motsa. Na ɗaure shi tam.

Ko motsina ne, ko iska ce ta juya, Allah ne ya sani. Carkin suka tashi da kuka. Duhuwar ta tsage.

Ban san ƙasa tana rawa a ƙarƙashin dabba ba sai ranar. Ta fito kanta a ɗage, ƙafar mai mikin ba ta rage mata gudu ba ko kaɗan. Na buɗe baki na ƙwala, "Baba!" Wannan ne karo na farko da na ɗaga murya a gabansa, kuma bai amfana da komai ba. Ya harba ta cikin hazon, harsashin ya bugi ƙaho ya yi ƙara ya wuce. Ya ɗana wani, ya miƙe tsaye, bai gudu ba, ya daina neman madubin, ya jira har ta sunkuyar da kai, sannan ya sake mata a ƙirji. Na ga ta yi tuntuɓe, amma nauyinta ya kawo ta. Ta ɗauke shi ta cinya ta jefa shi bayan surin. Ta wuce taku kaɗan ta faɗi a kan gwiwoyinta tana gurnani, tana ƙoƙarin tashi, ta juyo da kai wajen da yake kwance.

Bindigar ta faɗo kusa da ni. Ban san lokacin da na ɗauka ba. Zabi kawai na taɓa harbi da bindigar tsuntsaye ta Baturen, amma na sha ganin yadda yake ɗana wannan. Na ɗana, na kara idona. Komai garau, har gashin bayan kunnenta. Na ɗora zaren a wurin na ja. Ta kife, ba ta sake motsi ba.

Cinyarsa ta karye, ƙahon kuma ya yaga naman har kusa da ƙugu. Na cire rigata na ɗaure. Ranar na fara taɓa jikinsa, ban ma san ba shi da nauyi haka ba. Bai yi ihu ba, salati yake yi ƙasa-ƙasa, fuskarsa a kau da kai daga gare ni. Muka sari itace ni da Bafulatanin muka haɗa gado, muka ɗauko shi har Kakangi. Wutsiyar ma wani ne ya koma ya yanko mini.

Ya rayu. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ƙafar ta gajarce, ba ta sake shiga daji ba. Kafin mu koma gari labari ya riga mu: idon sarkin baka ya mutu, ɓauna tana gabansa tsaye ya kasa ganinta, surukinsa malamin daji ne ya cece shi. Bafulatanin ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba, bai san na taɓa bindiga ba. Baturen, da ya warke, ya je duba tsohon, ya tambaye shi abin da ya faru. Ina waje ina ji.

"Idona ne," in ji shi. "Tsufa."

Da muka koma bariki Baturen ya karɓi bindigarsa, ya sha fama kafin ya kwance siririn zoben, ya yi tsaki, ya mayar da madubin daidai nasa idon, bai lura daga ina ya taso da shi ba. Ina tsaye gumi yana bin bayana. Ya dafa kafaɗata ya ce zai rubuta a ƙara mini girma.

Tsohon ya sauka daga sarautar baka, aka ba wani ɗan'uwansa. Mutane suka shiga yi masa abin da ake yi wa makaho. In sun zo gaisuwa sai su ɗaga murya su ce ni ne wane, shi kuwa ya hango su tun daga bakin kasuwa. Matata ta riƙa yi mini girki kamar sabon aure, in na shigo sai ta dube ni idonta ya ciko. Ni kuwa tuwon ba ya wuce mini wuya. Na rame, aka ce firgitar ɓauna ce.

Na yi wata biyu a haka. Wata ranar Juma'a da hantsi na je gidansa, ban nemi ɗan aike ba. Yana kwance a zaure shi kaɗai. Na durƙusa a waje, jikin zana, na yi sallama, muka gaisa. Da gaisuwa ta ƙare ban tashi ba.

"Baba, magana ce da ni."

Ya ce, "Ina ji."

"Ni na taɓa madubin. Da la'asar, a Kakangi. Na ga hazo na ɗauka ya lalace, na murɗa shi daidai idona, na ɗaure. Ba idonka ba ne, Baba. Ni ne."

Na ji ya gyara kwanciya, gadon kara ya yi ƙara.

"Na sani."

Ya ci gaba.

"Ranar da muka gwada a bariki, har ƙudan da ke kan gwangwani na gani. Ido ba ya mutuwa a kwana biyu. Bindigar kuma hannu uku ta bi, na Bature, nawa, naka." Ya yi tari. "Ka iya ɗauri kuwa."

Kuka ya ƙwace mini, ni da gemuna, a ƙofar gidan surukina. Ya bar ni har na yi shiru.

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa."

"Mutanen gidanka fa?"

"A'a."

"To, ka bar shi a nan. In aka ce hannunka ne, Bature zai kore ka, wannan mai sauƙi ne. Amma 'yan'uwanta maza ba za su bar ta ta ƙara kwana a ɗakinka ba, na san abin da na haifa. Ko sun bar ta, da wane ido za ta riƙa miƙa maka ruwa? Ni na yi farautata ta ishe ni. Ita goyo gare ta."

"Baba, ana cewa ka makance."

"A ce."

"Sarautarka fa?"

"Na ce a ce. Ban yafe maka ba in ka buɗe baki, ko bayan raina, muddin tana da rai." Sannan ya ƙara da wata murya da ban san shi da ita ba, kamar mai son yin dariya. "In ka sami zuwa Zariya ka je a duba ka. A gidan nan kai ne ba ka gani."

Na je, aka yi mini tabarau. Shi kuwa ya ƙara shekara tara a zauren nan, ana kwatanta masa abubuwan da yake kallo da idonsa, yana cewa to, madalla. Bai taɓa sake tayar da maganar ba, ni ma haka.

Matata ta rasu bara waccan. Duk kaka, in an kawo sabuwar dawa gida, sai ta tara yara, da farko 'ya'yanmu, daga baya jikoki, ta ba su labarin yadda idon kakansu ya mutu a gaban ɓauna, da yadda mijinta ya ɗauki bindiga. Takan nuna ni da muciya in ta zo wurin. Shekara arba'in da wani abu ina zaune a gefe ina saurara, ban taɓa katse ta ba.